Wa Zai Tambayar wa Dabo?

Motar gyaɗa mai zuwa Kano ce ta sauke Dabo a Kankiya, da akwatinsa na katako da farar rigarsa ta 'yan Midil. Ba wanda ya zo tarbarsa, shi ma bai waiga ya duba ko an zo ba. Ya saba. Tun shekarar da Turawa suka matsa wa hakimi, hakimi ya matsa wa arɗo-arɗo, aka ce kowane ya fito da yaron da za a sa boko, Dabo yake zuwa ya koma shi kaɗai. Arɗon wajen Yashe kuwa ba wawa ba ne. Ya duba 'ya'yan mutanensa kaf, ya nuna Dabo, ɗan farin Bube, don ya san Bafulatani ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai buɗe baki ya yi jayayya a kan ɗansa na fari ba. Haka kuwa aka yi. Bube bai ce uffan ba, aka tafi da yaro.

Yanzu yaron ya zama saurayi, ya gama elemantare a Kankiya, ya yi nisa a Midil ta Katsina, ga shi ya zo hutun ƙarshen shekara. Kafin ya kama hanyar gida sai ya ratse tsohuwar makarantarsu, wurin Malam Ummaru, wanda ya koya masa abacada. Ya same shi a gindin tsamiya yana fiƙe fensir.

"Lale da mutanen birni!" in ji Malam Ummaru. "Kai ne ka yi tsawo hakan ga? Mi suke ba ku can?"

Dabo ya durƙusa, aka gaisa, sannan ya zayyana masa abin da ke tafe da shi. In an koma hutu za a raba ajinsu biyu. Ɗaya na masu neman shiga kwalejin Kaduna ne. Su za a rage musu lokacin gona da kafinta, a ƙara musu Turancin baki da na rubutu, a fara musu aljabara da lissafin kusurwa da kimiyya, a yi shekara biyu ana dafa su kafin jarrabawa. Wanda ya ci, sai Kaduna, wasu shekarun kuma. Ɗayan ajin na masu fita su kama aikin En'e ne: lissafin yau da kullum, kiwon lafiya, gona da dabbobi. Wanda ya shiga wannan ba ya komawa wancan. Kuma hedimasta ya ja musu kunne, kada yaron da ya dawo masa da ra'ayin kansa, kowa ya zo da maganar ubansa.

Malam Ummaru ya aje fensir ya gyara zama. Irin maganar da yake so ke nan.

"To, saurara. In kwaleji za ka, lissafi ba ni da haufi kanka. Tarihi da labarin ƙasa hadda ce, kai kuwa ka iya hadda. Kimiyya ban san ta ba, ba ni yi maka ƙarya. Turancin bakinka shi ke rarrahe, shi za ka ba ƙarfi tun daga hutun ga. Ka kuma haƙura da gonar makaranta, ko da na san nan kake samun sanyin rai."

"In ɗayan ne fa, Malam?"

"In ɗayan ne, ka riƙe dabbobi da hannu biyu, ka nemi a tura ka koyon allurar shanu. Malamin dabbobin da ke nan ya tsuhwa, yau ko gobe za a nemi wani. Nan Kankiya za a aje ka, a ba ka keke. Kowace Jumma'a kana gida."

Kowace Jumma'a kana gida. Dabo ya ji maganar ta shige shi har ƙashi.

"Kai wanne ka gani, Malam?"

"Ni malaminka ne, ba ubanka ba. Kanka dai na kwaleji ne, wannan ba a gardama. Amma tahi ka tambayi Bube." Sai kuma ya yi turus, ya tuna. "Af. Tsohuwa, kakarka, ta rasu ko? Allah ya jiƙan ta."

Je ka tambayi Bube! Da sauƙin faɗa. Tun da aka haifi Dabo ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba, bai taɓa ce masa ci kanka ba. Uwarsa Fadimatu ma haka, har ta fi. Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ya yi saurin yanke musu hukunci. Kunyar ɗan fari ce, kuma a gidan Bube ana riƙe ta yadda kakanni suka bar ta, ba ragi. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa, wadda kowa ke kira Kaka, daga nan sunansa a bakin iyayensa ya koma "na Kaka".

Kaka ce bakin da ke tsakaninsu. In Dabo na son abu, ita zai gaya wa, ta ja sandarta ta je wurin Bube. Ba magana kaɗai take dawowa da ita ba, har da fassara. Sai ta ce, "Ya ce a'a, amma ya daɗe shina sosa gemu, gobe za ka ga takalman." Ko kuwa, "Ya ce to, amma to ɗin nan ba ta da kyau, bar maganar." Ita ce ta haifi Bube, ta san shirunsa iri-iri. Da damina ta rasu, Dabo na Katsina. Wani mai sayar da fata ne ya gaya masa a bakin ƙofar makaranta, bayan an daɗe da yin sadakar bakwai.

Ya isa ruga da la'asar. An gama yankan dawa, bukkokinsu na tsakiyar gonar wani mutumin Yashe, shanu na cin kara suna bar masa taki. Fadimatu na daka, da goyo a bayanta. Ta ji sallamarsa sarai, ta amsa wa turmi. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta ce "lahiya" ba ta juyo ba. Ya wuce bukkar Kaka, ya tarar an share ta tas, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga ƙwaryar fura a bakin ƙofa, an dama ta da kindirmo mai kauri yadda yake so tun yana ƙarami. Ba wanda ya ce ga wanda ya ajiye, ba wanda ya ce ta wane ce.

Da shanu suka dawo, Bube ya hango akwati a ƙofar bukka.

"Baƙi aka yi?" ya tambayi matarsa.

"Na Kaka ne."

"To."

Marabar ke nan. Da Kaka na nan da ta gaya masa wace irin "to" ce wannan.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ruga cike take da motsi, amma ba wanda motsinsa ya shafi Dabo. Ƙanwarsa Rabi ta yi aure wajen Ingawa, biyun da suka biyo ta ba su rayu ba, autan kuwa ko tafiya bai fara ba. Tsaransa sun zama magidanta. In ya je dandalinsu sai su ce "ga Malam nan", su matsa masa wuri mai kyau, hira ta mutu. Su yi ta maganar wace saniya ce ta yi ɓari, wane rafi ne ya ƙafe, shi bai san ko ɗaya ba. A Katsina Bafulatanin daji ake ce masa, a nan kuma ɗan birni. Sai ya koma bukkar Kaka ya zauna yana kallon sandarta da ke soke a jinka, kaɗaici ya danne shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Shi kansa bai san abin da yake so ba, ko kuwa a ce ya sani, abu biyu ne. Ya taɓa leƙa littafin aljabarar wani ɗan babban aji, ya ga yadda ake farautar lambar da ba a sani ba har a kamo ta, ranar ko abinci bai ji daɗinsa ba don ɗoki. Yana son wannan karatu, so na gaske. Amma akwai abin da ya fi so. Yana so a ce masa ya dawo. Da ubansa zai aiko da kalma ɗaya, a ce gida na bukatarsa, wallahi da ya bar musu aljabararsu ko waiwaye ba zai yi ba. Ba izini kaɗai yake nema ba, so yake ya ji ko har yanzu ana lissafa shi cikin mutanen gidan nan.

Da ya rasa yadda zai yi sai ya tari Goggo Haulatu, ƙanwar ubansa, a hanyar kasuwar Yashe, tana ɗauke da ƙwaryar nono. Ya bi ta yana yi mata bayani, aji kaza da aji kaza, Kaduna da Kankiya, keke da jarrabawa.

"Tsaya, tsaya, ɗan nan, kada ka hwasa mini kai," in ji ta. "Ɗaya mai nisa, ɗaya mai kusa, ba shi ke nan ba?"

"Shi ke nan, Goggo."

"To mi ye na dogon Turanci? Bari in dawo kasuwa."

Haulatu mace ce mai kirki, amma ba ta da zama. Ta tsaya kan Bube yana ɗaurin maraƙi ta zazzage masa saƙo, ya ba ta amsa, ta kwaso ta kawo da zafinta.

"Ya ce mi ya sani ga boko? Waɗanda suka ɗauke ka su suka san inda za su aje ka."

"Da ya faɗa, yaya fuskarsa take?"

"Huska? Irin tashi mana."

"Ya daɗe kafin ya amsa?"

"Kai, ni nono na bari ga rana! An ba ka amsa, kana tambayar huska."

Ta wuce. Dabo ya tsaya da amsa a hannu, bai san ta inda zai kama ta ba. Ko nufin uban shi ne ba ruwansa? Ko gori ne yake yi wa waɗanda suka raba shi da ɗansa? Ko kuwa kunya ce kawai ta hana shi ya ce yana so? Duk ukun za su iya zama. Ya juya maganar nan ya juya har ta fita hayyacinta, hutu kuwa na ƙarewa.

Akwai wani Bature da ke koya musu Turanci a Midil, yara na ce masa Mai Lofe. Mutum ne mai son ɗalibansa, amma abu ɗaya ke tayar masa da hankali: ya yi wa yaro magana yaro ya sunkuyar da kai. A wurinsu, in ji shi, marar gaskiya ne ke kallon ƙasa. In kana da tambaya ka ɗaga kai, ka dubi mutum cikin ido, ka faɗi sunanka, ka faɗi abin da kake so. Dabo ya fi kowa shan wuya a kan wannan. Sai da ya shekara yana fama kafin wuyansa ya yarda ya miƙe. Da ya iya kuwa ya ga amfaninsa, don abin da ake kwana uku ana kewaye-kewaye a kansa sai ya ƙare a magana biyu. To, wannan ne ya yi ta yi masa yawo a kai. Ya ce a ransa, ubana ne fa. Mutum ne, ni ma mutum ne. Me zai faru in na tambaye shi?

Yaro dai yaro ne, ko ya iya aljabara.

Da safe, lokacin tatsa, Bube na tsugune yana kwance igiyar maruƙa. Manoma biyu daga Yashe na zaune gefensa, sun zo roƙon ya kai musu shanu gonakinsu su kwana biyu. Dabo ya gan su, amma ya san in ya tsaya jiran su tafi ƙarfin halinsa zai tafi tare da su. Ya taka har gaban ubansa, kusa ƙwarai, inda bai taɓa tsayawa ba. Ya durƙusa. Ya ɗaga kai.

"Baffa, ni ne Dabo, ɗanka. An ce in zo da maganarka. In shiga ajin kwaleji, ko in shiga wanda zai maido ni gida? Kai nake so ka gaya mini, da bakinka."

Bube ya ɗago, don ba shiri aka zo masa. Idanunsu suka haɗu. Ran nan Dabo ya fara ganin fuskar ubansa sosai: ashe gemun ya yi furfura haka, ashe idon hagu ya fara yana. Ya kuma ga wani abu da bai yi tsammani ba. Ba fushi ya gani ba, tsoro ya gani, irin na wanda aka yaye wa zane a kasuwa.

Ɗaya daga cikin manoman ya duƙufa neman ƙaya a tafin ƙafarsa. Ɗayan ya ce wai kamar ya ji ana kiransa. Can baya, taɓaryar Fadimatu ta tsaya.

Igiya ta zame daga hannun Bube. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa da malafarsa, ya ratsa cikin shanu ya yi gaba. Maraƙin da ya kwance ya ruga wurin uwarsa ya shanye nonon da za a tatsa, ba wanda ya hana shi.

Kafin azahar an kora garke duka zuwa gonakin wajen wani ƙauye da ake kira Boko. Manoman Yashe ba su sami takinsu ba. Da yamma shanu ba su dawo ba, washegari ma haka.

Haulatu ce ta zo ta same shi a bukkar Kaka, ko sallama ba ta yi ba.

"Kai, mi ya shiga kanka? Tsirara ka yi mishi, gaban Haɓe! Har da hwaɗin sunanka, ko an ce maka ya mance? Mutumin da ko gaban uwarshi bai taɓa yarda an gane shina kallonka ba!"

"Goggo, tambaya kawai na yi."

"Tambaya! To ga ta nan, ka samu."

Bai yi gardama ba. Da can ko ba magana, yana jin tarin ubansa da asuba, yana ganin giccinsa da yamma. Yanzu wannan ɗin ma ya kore shi da bakinsa. Sauran kwanakin hutun ya yi su a ruga ba shanu, daga shi sai uwar da ba ta yi masa magana da jaririn da bai iya ba. Ƙwaryar fura dai ba ta fasa zuwa bakin ƙofa ba. Nadama ta ishe shi, ga kunya, ga kuma haushin da bai san wa zai ɗora wa ba.

Ranar komawa ya ɗaure akwatinsa da sassafe. Ya fito ya tarar da ɗan goran man shanu a kai, an toshe bakinsa da tsumma. Ya durƙusa daga nesa ya ce zai tafi. Fadimatu na zaune ta ba shi baya, ta sauko da autanta tana shafa masa mai.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce wa jaririn. Sannan ta ƙara, "Kai kuma in ka girma za ka Kankiya, ka riƙa bi ta Boko. An ce ta hi inuwa."

Hanyar Boko ba ta fi inuwa ba, zagaye ce ma. Dabo ya ɗauki akwati ya bi ta.

Rana ta ɗaga lokacin da ya hango farfarun shanun a cikin wata gonar dawa. Bube na tsaye a gindin gawo, ya harɗe ƙafa ɗaya, sanda a kafaɗa. Tun daga nesa ya gane mai zuwa, sai ya juya baya ya fuskanci gabas. Amma bai tafi ba.

Dabo ya sauke akwati a bakin gona. Bai matsa ba. Ya durƙusa, ya sa kai ƙasa, ya rasa ta inda zai fara. Ba Kaka, ba Goggo, ba kowa. Sai wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ta taho tana kiwo har ta tsaya tsakaninsu. Wule ce, ya san ta tun tana karsana. Ya dube ta, ta dube shi tana tuƙa.

"Wule," ya ce, da muryar da za ta kai gindin gawo. "Ki gaya wa mai ku, wani ya yi rashin hankali, yana neman gafara."

Iska ta kaɗa busasshen kara.

"Ki gaya masa yau za a koma. An ce a zaɓi aji. Ɗaya karatu ne mai nisa, sai Kaduna, ba a san ranar dawowa ba. Ɗaya kuma allurar shanu ce, a Kankiya za a zauna. Mai tambayar ya ce duk wanda aka ce shi zai bi. Ya ce ko na kusan aka ce, da murna zai bi."

Ya daɗe a durƙushe har ƙafarsa ta fara sagewa. Ya fara fid da rai ke nan sai ya ji gyaran murya.

"Wule."

Muryar Bube ce.

"Ki ce ma mai tambaya ba hushi nike ba. Ba laihinshi ba ne, abin da aka koya mishi ne, kuma ya koyu." Bube ya sauya ƙafa, bai juyo ba. "Ki ce mishi ni da zatona aronshi masu boko suka yi, in sun gama su maido. Bara da malamin allurar nan ya zo, na dube shi, na ce ashe aikin ga ma na 'yan boko ne. Har na yi wani tunani."

Dabo ya kasa kunne, Bube ya ci gaba.

"Ki ce mishi na bar tunanin. Ran nan na ga ba aro ba ne. Wanda ya iya abin da ya yi, zaman ruga ya wuce shi. In ya dawo kusa, kullum shina son a yi mishi magana, mu ba mu iyawa. Ya sha wuya, mu sha. Ya bi mai nisan. Ya bi shi har ƙarshe, kada ya tsaya tsaka."

Hawaye suka zubo wa Dabo, bai share ba. Wannan ce magana mafi tsawo da ubansa ya taɓa yi dominsa, kuma ta sallama ce. Ashe ana son ya dawo. Ashe amsar da ya yi ta nema tana nan a ajiye tun bara, shi ne ya zo ya ture ta da ƙafa.

"Wule," ya ce, "ki tambaye shi, in mutum ya yi alkawari ba zai ƙara ba fa? In ya koma yadda yake da?"

Bube ya sauke sanda daga kafaɗa, ya yi wa shanu ɗan kiran nan nasa na baki. Wule ta ɗaga kai, ta juya, ta bi sauran a hankali. Garke ya motsa ya yi kudu, mai shi na biye, har kara ya rufe malafarsa. Dabo ya zauna a kan akwatinsa har ya daina jin kukan maruƙa, sannan ya ɗora shi a ka.

A Kankiya ya tarar da Malam Ummaru a bakin hanya, ya fito ya ga wucewar tsofaffin ɗalibansa.

"Yaya? Ka samu maganar Bube?"

"Na samu, Malam."

"Mi ya ce?"

"Ya ce kwaleji."

"Alhamdu lillahi!" Malam Ummaru ya tafa hannu, ya juya ga masu jiran mota. "Kun ji Bafulatani mai hangen nesa! Wasu na ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu, shi ya ce nashi ya tahi Kaduna. Kai, ka yi sa'ar uba, Dabo. To, kada ka mance abin da na ce maka: Turancin baki, shi za ka sa gaba. Aljabara kuwa tun ranar hwarko ka zamna gaba, kada ka yarda a bar ka baya."

"To, Malam."

Motar Katsina ta iso, yaran mota na ta kira. Dabo ya miƙa akwatinsa, ya hau baya ya sami wuri a kan wani buhun gishiri, ya rungume goran man shanu don kada ya fashe. 'Yan ajinsu biyu na ciki, suna ta ba juna labarin yadda suka yi da iyayensu. Ɗaya ya ce nasa sai da ya kira kawunnai aka yi shawara har aka kusa faɗa. Suka tambayi Dabo shi wane aji zai shiga, ya gaya musu. Suka ce ai dama sun sani.